Babin da Mai Kwarashi Ba Ta Rubuta Ba

Shago ɗaya muke haya ni da ita, mun raba shi biyu da labule. Ɓangarena ne mai ƙofa, nan keken ɗinkina yake, ita kuma tana daga ciki, gindin taga, don aikinta ba ya son duhu. Ni tela ce. Ita saƙa take yi da kwarashi: jakunkuna, hulunan jarirai, safa, 'yan rigunan sanyi. Shi ya sa duk layinmu Mai Kwarashi ake ce mata. Ni dai Maƙwabciya nake kiranta, ita ma haka take kirana, ko da yake ko bango babu a tsakaninmu.

Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana sai ta saba da mutum. Tana sa tabarau, hannunsa ɗaya ya karye ta ɗaure shi da zaren ulu, kullum sai ta ce gobe za ta kai gyara. 'Ya'yanta uku. Mijinta a gidan burodi yake aiki, mutum ne mai sanyin hali, idan ya shigo shagon har ƙanshin tanda yake biyo shi. A wurin yayar mahaifiyarta ta koyi saƙa tun tana yarinya, amma ba ta mai da ita sana'a ba sai da ta haifi ɗanta na fari. Ta saƙa masa hula, maƙwabta suka gani suka ce su ma suna so. Daga hula aka koma safa, daga safa aka koma jaka, har kayan suka fi ƙarfin ɗakinta ta zo muka haɗa haya.

Na daɗe ban san tana rubutu ba. Ina dai lura, idan rana ta take, layi ya yi shiru, sai in daina jin motsinta. Wata rana na ɗaga labule zan ari almakashi, na same ta ta ajiye kwarashi a cinya, ta duƙufa a kan waya, babban yatsanta na gudu kamar ana korarsa.

Na ce, "Maƙwabciya, da wa ake wannan hira haka, ko numfashi ba kya yi?"

Ta yi dariya ta kife wayar. Sai da na matsa ta faɗa mini. Labari take rubutawa, babi babi, tana sakawa a wani guruf na masu karatu da ta buɗe a waya. Ta ce tun tana makaranta take yi, a bayan littattafanta, har malamai suka gaji da yi mata faɗa.

Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar motar ɗaukar kaya, da wani direba mai taurin kai. 'Yan'uwan mijin suka ce a sayar da motar, ta ce ba za a sayar ba, ita za ta riƙe. Tun daga ranar ta riƙa karanta mini duk babin da ta gama, ina taka keke ina saurare. Rubutunta ba ya gaggawa. Sai ta tsaya ta faɗi yadda matar take zaune a benci a gareji ita kaɗai cikin maza, da yadda take riƙe kofin shayi da hannu biyu. Ina tsokanarta in ce, "Yau ma babi guda ana canza taya?" Sai ta ce, "Ke ba ki san abin da taya take ci ba ne." Masu karatunta ba su da yawa, amma suna nan, kuma ta san su ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan unguwarsu.

A wancan lokacin komai yana da wurinsa. Da safe ta sallami yara, ta zo shago ta yi saƙa, da rana ta yi rubutu, da yamma ta amsa masu saye. Gajiya akwai, amma irin wadda barci ke wankewa.

Abin da ya birkita mata lissafi wata jaka ce. Ragowar zare ne ya taru mata, ruwan zuma da baƙi, ta ce bari ta haɗa don kada ya lalace. Ta saƙa 'yar madaidaiciyar jaka mai marfi, ni na sa mata shafi da zif. Wata budurwa ta saya, ta je wani taro da ita, ta ɗauki hoto ta saka a waya. Ban san yadda aka yi ba, hoton nan ya zaga gari. Kafin mako ya zagayo wayar Mai Kwarashi ta koma kamar ta asibiti. Kowa irin ta hoton yake so. Idan ta ce akwai mai ruwan toka, ko ta ce za ta iya canza marfin ya fi haka kyau, sai a ce a'a, irin ta hoton dai.

Sai ga wata mata mai babban kanti a tsakiyar gari ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana toshe hanci wai ƙurar yadi. Ta ce tana son a riƙa kai mata jakar duk mako, ba fashi. Muka yi murna, har lemo muka saya. Mai Kwarashi ta nemo mata uku da suka iya saƙa, ta koya musu jakar, suna yi a gidajensu suna kawowa. Ita kuma ban da tata saƙar, ga sayo zare, ga rarraba shi, ga duba aikin kowa, ga warware wanda ya karkace, ga sawa a leda, ga jiran mai babur. Ɓangarenta ya cika da kwalaye har taga ta rufe rabi. Kullum ruwan zuma da baƙi. Ta taɓa ce mini ko shayi aka zuba mata ya yi wannan kalar sai ta ji ranta ya ɓaci.

Rubutu kuwa ya tsaya cak. Ta bar matar mai mota a bakin hanya, mota ta mutu, kayan mutane a ciki, ta yi makonni a wurin. 'Yan guruf suka dame ta. "Anti, ina ci gaba?" "Anti, ko kin manta da mu ne?" Ta karanta, ta yi tsaki, ta ajiye wayar, can kuma ta sake ɗauka.

Ana cikin haka mahaifiyarsu ta turo mata ƙanwarta, autarsu. Auta ta gama makarantar koyon aikin jinya, tana zaman jiran aiki, zaman ya ishe ta ya ishi kowa a gida. Mace ce mai kazar-kazar, bakinta ba ya rufuwa, ga iya hulɗa da mutane. Saƙa dai ba ta iya ba, sau ɗaya ta gwada ta ce wannan aikin masu haƙuri ne, ita ba a raba da ita ba. Sai aka ba ta waya. Ita ke ɗaukar hoto, ita ke amsa oda, ita ke faɗa da masu babur. Cikin 'yan kwanaki shagon ya daidaita, har ni na samu ƙarin masu ɗinki ta dalilinta.

Auta ce ta kawo shawarar. Ta ce, "Yaya, mutanen nan fa za su cinye ni da tambaya. Hannunki ne ba shi da lokaci, bakinki ai yana nan. Ki riƙa faɗa ina rubutawa."

Haka aka fara. Mai Kwarashi na saƙa tana faɗa, Auta na zaune a kan kwali tana bugawa. Ni ma na ji daɗi, don labarin ya dawo mini. Sai dai ba a taɓa kai ƙarshen babi lafiya ba. Ana tsakiyar magana mai babur zai yi hon. Ko wata ta dawo da jaka ta ce zif ya ci. Ko a kira daga makaranta a ce ƙaramin yana zazzaɓi. Sai Mai Kwarashi ta miƙe tana neman mayafi ta ce, "Ki ƙarasa, kin dai san inda za a je. Su isa gareji su tarar an kulle." Bayan wani lokaci maganar ta gajarce ta koma, "Ki haɗa kawai, in na samu sarari na duba." Sararin bai samu ba. Ina ganin Auta a lungu tana bugawa, wani lokaci tana dariya ita kaɗai, wani lokaci ta haɗe rai kamar da ita ake rigimar. Na ɗauka yayarta na karantawa a gida. Ita kuma yayar, tunda aka daina damunta da ina ci gaba, sai ta ji kamar an sauke mata kaya, ba ta tambayi wanda ya ɗauka ba.

Ranar da abin ya fito, wata mata ce ta zo karɓar kayan jarirai da ta yi oda wa jikarta. Dattijuwa ce mai fara'a, ta ce malamar makaranta ce ta yi ritaya. Ta karɓi kaya, ta tsaya tana kallon Mai Kwarashi.

Ta ce, "Ashe ke ce! Wallahi na daɗe ina son in gan ki. 'Yata, Allah ya yi miki baiwa. Ranar da motar nan ta kife, abinci kasa ci na yi. Da direban ya farfaɗo a asibiti ya ce mata shekara da shekaru yana sonta bai iya faɗa ba, kuka na yi, har maigida ya ce wa ya mutu."

Na daina taka keke. Mai Kwarashi ta yi murmushi, ta ce, "Allah sarki, Mama. Na gode ƙwarai." Ta raka ta har bakin titi, ta tsayar mata da abin hawa.

Ta dawo shago. Ta miƙa wa Auta hannu, Auta ta sa mata wayar. Ta zauna gindin taga ta gyara tabarau ta fara karatu. Mai babur ya zo ya tafi, Auta ce ta sallame shi. Ɗaya daga cikin masu saƙar ta kawo aiki, ni na karɓa. Har inuwa ta tsallaka titi tana karatu, kwarashi na cinyarta da jaka rabi.

Sai can ta ɗago.

"Auta, wa ya kifar mini da mota?"

Auta ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yaya, ai ke kika ce in haɗa."

"Na ce ki haɗa. Ban ce ki karya wa direba ƙafa ba. Kuma wannan ƙanen mijin da kika sa ya kwance birki, yaushe ya zama mugu? Mutum ne mai son abin duniya, amma ba zai kashe kowa ba."

"Yaya, mutane sun gaji da gareji. Kullum gareji, kullum shayi. Ki duba yawan waɗanda suka shigo guruf ɗin mana, sun ninka na da. Har daga wasu ƙasashe ake..."

"Da sunana kike sakawa?"

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen kwali.

"Tambayarki nake."

"Ai labarinki ne, Yaya. Da sunan wa zan saka?"

Mai Kwarashi ta sa wayar a jakarta, ta tattara zare, ta ce mini, "Maƙwabciya, sai da safe." Ba ta taɓa tashi kafin ni ba sai ranar.

Washegari ta riga kowa zuwa. Na same ta zaune, ba ta buɗe ko taga ba. Na ce ta yi haƙuri, yarinta ce, kuma da kyakkyawar niyya ta yi. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Ba shi ba ne. Da ta ɓata shi da na ji sauƙi, sai in yi mata faɗa in gyara abina. Maƙwabciya, yarinyar nan ta iya. Ni kaina da na kai wurin asibitin sai da ya taɓa mini zuciya. Ina karantawa ina son in san me zai faru, a labarin da ni na haife shi."

Ta ce za ta karɓi abinta. Ta hana Auta taɓa guruf ɗin, ta ce oda kawai za ta riƙa amsawa. Ta ture kwalaye gefe ta zauna rubuta babi na gaba da hannunta. Abin da a da take yi a rana ɗaya sai ya ɗauke ta fiye da mako. Ta rubuta ta goge, ta tashi ta duba aikin masu saƙa, ta dawo ta manta inda ta tsaya. Tata saƙar ta koma yi a gurguje, a tsaye ma wani lokaci.

Ita da Auta kuwa magana ta ɗauke. Suna zaune gwiwa na gugar gwiwa, amma sai ta bakina ake aike. "Maƙwabciya, ce mata mai babur ya iso." "Anti Tela, ce mata baƙin zare ya ƙare." Na ce musu ni fa ba gidan waya ba ce, kuma in za a ci gaba da haka sai a yanka mini albashi. Babu wadda ta yi dariya. Har labari ya kai wa mahaifiyarsu ta kira, Mai Kwarashi ta sa a lasifika don hannunta na cikin zare. Tsohuwar ta ce, "Yanzu ku da girmanku, a kan mutanen da babu su kuke gaba? Motar da ta kife ɗin, ta gidan uban wa ce?"

Da ta gama babin ta karanta mini. Matar mai mota ce ta je inda aka ja motar aka ajiye, ta shiga gaban da ya lotse ta zauna a kujerar da mijinta yake zama, ta tarar har yanzu kujerar tana da ramin jikinsa. Babu abin da ya faru a babin sai wannan zaman. Ni dai sai da na share ido da gefen yadin mutane.

Ta saka a guruf. Amsoshi suka fara shigowa. "Yau babu armashi." "Ina direba? Mu fa direba muke jira." "Anti, ko ba ki da lafiya ne? Rubutun yau kamar ba naki ba." Mutum biyu ko uku daga cikin tsofaffin masu karatunta suka ce sun ji daɗi, ɗaya ta ce ta tuna da babanta. Amma maganarsu ta nutse a cikin ta masu neman direba.

A makon ne kuma kayan mai babban kanti suka makara. Ta kira ta zazzaga masifa, sannan ta aiko direbanta da jaka ɗaya a leda, da saƙon murya. Ta ce, "Ki ja wa yaranki kunne. Wannan ba hannunki ba ne, ni na san aikinki. Sauran sun yi, amma wannan dubi yadda gefenta ya saki." Mai Kwarashi ta juya jakar a hannu ta duba gindinta, inda take ƙulla zare yadda babu mai yi sai ita. Tata ce. Ta ce wa direban ya ba Hajiyar haƙuri, za a canza. Da ya fita ta zauna ta fara warware jakar, zaren na taruwa a ƙafarta a cukurkuɗe.

Da yamma mijinta ya biyo ta da ledar burodi. Ya ga idanunta, ya jawo kujerar masu jiran ɗinki ya zauna.

Ya ce, "Maman yara, abin nan ya yi miki yawa. Ki ajiye ɗaya mana. Ni ban ce ga wanda za ki ajiye ba."

Ta ce, "To zaɓar mini. Saƙa ita na iya. Rubutu shi nake so. Shagon kuma shi ke riƙe da rabin gidanmu, ka fi kowa sani. Wanne zan yar?"

Ya sosa ƙeya ya ce shi dai burodi ya sani. Amma daga ranar shi ya karɓi ɗauko yara daga makaranta, ya roƙi a canza masa lokacin aiki. Iyakar abin da yake hannunsa ke nan, kuma ya yi.

Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta. Wata safiya ta kira Auta da bakinta, ba ta bi ta kaina ba. Ta ce mata ta zauna. Ta nuna mata abin da ta rubuta za ta saka a guruf: cewa tun daga inda mota ta mutu a hanya, ƙanwarta ce ke rubuta labarin, kuma ita za ta ƙarasa shi da sunanta.

Auta ta zaro ido. "Yaya, don Allah kar ki saka. Zagina za su yi. Za su ce na yi miki sata."

"Ba ki yi sata ba. Ni na bar ƙofa a buɗe na tafi."

"To mu riƙa yi tare. Ke ki yi babi, ni in yi babi."

"Ba zai yiwu ba, Auta. Matar da ke kanki daban, wadda ke kaina daban. Sai mu yayyaga ta a banza." Ta danna ta tura, ta miƙa mata wayar. "Ki dai tausaya wa ƙanen mijin nan. Kar ki kai shi gidan yari, yana da yara."

Auta ta fashe da kuka ta rungume ta, kwarashi ya kusa tsone mata ido.

Mun zaci za a yi tashin hankali a guruf. Wasu 'yan kaɗan suka fita. Wasu suka ce ai su tun tuni sun gane, alhali su ne masu cewa Anti hannunki na zinariya ne. Mafi yawa kuwa ko a jikinsu. Tambayarsu ɗaya ce, yaushe za a ci gaba. Ina jin wannan ya fi zagi yi mata ciwo, ko da yake ba ta faɗa ba.

Auta ta ƙarasa labarin. Direba ya warke, ya auri matar mai mota, suka sayi sabbin motoci har suka buɗe kamfani. Guruf ya ɗauki sowa. Ranar ina sa zif na tambayi Mai Kwarashi, ita da yaya ta so ta ƙare shi.

Ta ce, "Sayar da motar za ta yi. Ba don an tilasta mata ba, sai don ta kai ranar da za ta iya. Direban nan kuwa ba ta taɓa sonsa ba, tausayinsa take ji." Ta ja zare ta ƙara da cewa, "Kar ki faɗa wa Auta."

Ba a daɗe ba Auta ta samu aiki a wani asibiti a wani gari, ta tafi. Tana can tana jinya tana rubutu, yanzu ma labarinta na uku take, kuma mutane na binta sosai. Duk wanda ta fara sai ta turo wa yayarta, ita kuma ta karanta ta ce ya yi, ta gyara mata wurin da ta yi gaggawa.

Waya ta dawo hannun Mai Kwarashi, da odarta da masifarta. Ta yi niyyar rabuwa da mai babban kanti, har ta shirya abin da za ta ce mata, sai mai shago ya ƙara mana haya. Sai ta rage yawan kayan kawai. Yayin jakar ma ya fara wucewa, yanzu wata ake nema mai dogon hannu, wadda wata can ta fito da ita, ana turo mata hoto ana cewa irin wannan. Tana yi. Ta fara wani sabon labari, na wani mai gyaran agogo da idonsa ya fara mutuwa. Ba ta saka shi a ko'ina ba. Wata da watanni bai wuce 'yan shafuka ba. Wani lokaci takan karanta mini layi biyu, kafin ta kai na uku an yi sallama.

Kwanan baya wuyan hannunta na dama ya fara ciwo. Ta shafa man zafi ta ci gaba. Ya kai kofi ma sai ta tallafa da hagu. Auta ta yi ta yi mata faɗa a waya har ta je asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta gaji, ya naɗe hannun da bandeji tun daga babban yatsa, ya ce babu saƙa babu danna waya sai bayan wasu makonni, in ba haka ba sai an yi aiki.

Na zaci za ta zauna a gida. Washegari sai ga ta, hannu a rataye. Ta ce gidan ya yi mata faɗi, kuma in ta zauna wanki take gani. Ta rarraba wa masu saƙa zare da hannun hagu, ta ba ni wayar ta ce in an kira in ce a yi haƙuri. Sannan ta rasa abin yi. Ta jawo kujerarta daga gindin taga ta kawo bakin ƙofa kusa da kekena, ta zauna tana kallon titi.

Ta ce, "Maƙwabciya, yaushe aka buɗe shagon aski a can?"

Na ce, "Ya kusa shekara."

Ta ce, "Ikon Allah."

Ta ci gaba da kallo. Masu lemo suka wuce, 'yan makaranta suka wuce. Ina ba ta labarin wata da ta kawo yadi ƙarami tana son riga da zane da ɗankwali, na ji ba ta amsa ba. Na juya na ga kanta ya jingina da ƙofa, bakinta a ɗan buɗe, barci ya ɗauke ta da rana tsaka.

Wata mata ta tsaya da hoto a waya, ta buɗe baki za ta yi sallama. Na ɗaga mata hannu, na taso na ja ta gefe.

Ta ce, "Mai jakar nake nema. Ba ita ce wannan ba?"

Na ce, "Ita ce. Ki dawo jibi."

Ta ce sauri take, bikin ƙanwarta ya matso. Na ce to Allah ya sa alheri, amma yau dai babu. Ta tafi tana ƙunƙuni. Na koma na zauna. Ɗinkin da ke gabana na keke ne, amma na ajiye shi na ɗauko wata riga da ke jiran maɓalli, na zura zare a allura.